Yadda aka haɗa Ailan da Birtaniya a 1801, da inda ɗinkin ya fara warwarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa daga 1801 zuwa 1922 Ailan da Birtaniya ƙasa ɗaya ce. Ta yaya aka ƙulla haɗewar, me aka rubuta a cikin dokar, kuma me ya sa ta Sikotlan ta ɗore amma ta Ailan ta watse?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka haɗa a ranar 1 ga Janairun 1801 majalisun dokoki ne guda biyu. Gwamnatin da ke Dablin ba a taɓa ta ba, kuma mafi yawan mutanen tsibirin, wato mabiya ɗariƙar Katolika, an shigo da su cikin sabuwar ƙasa ba tare da an ba su ikon zama a majalisarta ba. Kusan duk wata ɓaraka da ta biyo baya, idan ka bi sawunta, nan za ta kawo ka.

Kafin 1801 ma sarki ɗaya ƙasashen suke da shi. Tun 1541 aka naɗa Henry na Takwas na Ingila sarkin Ailan. Ailan tana da majalisarta a Dablin, amma a ɗaure take: dokar Poynings ta 1494 ta hana ta yin doka sai da amincewar fadar sarki a Landan, sannan wata doka ta 1720 ta ce majalisar Birtaniya tana da ikon yi wa Ailan doka kai tsaye. A 1782, lokacin da yaƙin Amurka ya raunana Landan, Henry Grattan da mutanensa suka kwance mafi yawan wannan ɗauri. Sai dai majalisar da aka 'yantar ɗin ta 'yan tsiraru ce. Kujeru 300 ne a majalisar wakilanta, ba Katolika ko ɗaya a ciki, alhali su ne kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a. Dokar 1793 ta ba Katolika masu filin da ke kawo sule arba'in a shekara damar jefa ƙuri'a, amma ba ta ba su damar zama a majalisa ba. Ƙari a kan haka, yawancin kujerun na ƙananan garuruwa ne da wani mai sarauta ko mai fili yake riƙe da su a aljihunsa, shi ke zaɓen wanda zai zauna, kuma ana saye da sayar da kujerar kamar gona.

Abin da ya tunzura Landan tsoron Faransa ne. Ƙungiyar Haɗaɗɗun 'Yan Ailan, wadda Wolfe Tone da abokansa suka kafa a Belfast a 1791, ta nemi haɗa Katolika da Furotesta su kafa jamhuriya. A Disambar 1796 jiragen yaƙin Faransa ɗauke da sojoji kusan 14,000 suka iso mashigin Bantry, guguwa ce kawai ta hana su sauka. A Mayun 1798 tawaye ya ɓarke, aka murƙushe shi da zubar da jini mai yawa a Wexford da Antrim da Down, sannan a Agusta Janar Humbert ya sauka a Killala da sojojin Faransa kimanin dubu, ya ci sojojin gwamnati a Castlebar kafin ya miƙa wuya a Ballinamuck. Firaminista William Pitt ya yanke cewa tsibirin nan ƙofar baya ce da abokin gaba zai iya shigowa ta ciki, kuma 'yan tsirarun da ke mulkinsa ba za su iya tsare ta ba.

Pitt yana da wani lissafi na biyu, kuma shi ne zuciyar shirin. A cikin Ailan kaɗai Katolika ne masu rinjaye, shi ya sa Furotesta ke tsoron ba su kujera. Amma a haɗaɗɗiyar ƙasa Katolika za su zama 'yan tsiraru, don haka ana iya ba su cikakken 'yanci ba tare da kowa ya firgita ba. Wato haɗewa da 'yantar da Katolika abu ɗaya ne mai rabi biyu.

Yanzu ga yadda aka samu ƙuri'un, domin nan ne aka fi yin gardama. Mutum biyu aka ɗora wa aikin: Lord Cornwallis, wakilin sarki a Dablin, da babban sakatarensa Lord Castlereagh. Yunƙurin farko ya faɗi. A Janairun 1799 majalisar wakilan Ailan ta cire batun haɗewa daga jawabinta ga sarki da ƙuri'a 111 a kan 106. Shugaban majalisar kansa, John Foster, yana cikin masu adawa. Daga nan gwamnati ta shafe shekara guda tana aiki da hanyoyi huɗu.

Na farko kora. An tuɓe Sir John Parnell daga kujerar ministan kuɗi saboda ya ƙi, domin duk mai cin albashin gwamnati ya san abin da ke jiransa. Na biyu musanya mutane. Ɗan majalisa ba ya iya ajiye kujerarsa haka kawai, amma wata doka ta 1793 ta ce wanda ya karɓi muƙamin gwamnati kujerarsa ta faɗi. Sai a ba mai jan ƙafa wani muƙami na suna kawai, ya sauka, mai garin ya turo wanda zai ce to. Na uku sarautu da fansho da alƙalanci da muƙaman coci da na soja, waɗanda aka yi ta alkawari. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na huɗu, wanda ya fi kowanne tsada, diyya. Tunda garuruwa 84 za su rasa kujerunsu biyu-biyu, an biya masu su fam 15,000 a kan kowane gari, jimla fam 1,260,000. Wannan diyya ba a ɓoye aka biya ta ba, kuma an biya har waɗanda suka yi adawa. Marquess na Downshire, wanda ya yaƙi haɗewar har aka ƙwace masa muƙamansa, ya karɓi fam 52,500 a kan kujeru bakwai. Kuɗin kuma a kan bashin Ailan aka ɗora su, ma'ana talakan Ailan ne ya biya kuɗin rushe majalisar ƙasarsa.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan ko a kira wannan cin hanci ko kuwa siyasar zamanin ce kawai, tunda a ƙarni na sha takwas da muƙami da sarauta ake tafiyar da kowace majalisa a tsibiran biyu. A ganina duka biyun gaskiya ne. Hanyar ba baƙuwa ba ce, amma girmanta ya wuce misali, kuma takardun da aka gano daga baya sun nuna an kashe kuɗin asirin gwamnati ta hanyar da doka ba ta yarda ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tabon da ya bari: shekara ɗari bayan haka, duk ɗan kishin ƙasa da ya hau mumbari zai ce an sayi majalisarsu ne, kuma ba mai iya ƙaryata shi gaba ɗaya.

A Janairun 1800 gwamnati ta yi nasara da 138 a kan 96, duk da Grattan ya dawo majalisa yana fama da rashin lafiya ya yi dogon jawabi a zaune. A Fabrairu aka samu 158 a kan 115. Dokar Birtaniya ta samu hannun sarki ranar 2 ga Yulin 1800, ta Ailan ranar 1 ga Agusta. Ka lura dokoki biyu ne, kowace majalisa ta yi tata. Ginin majalisar da ke Dablin kuwa an sayar wa Bankin Ailan a 1803.

Akwai abin da ke ba masu karatu mamaki: a wancan lokaci rassa da yawa na ƙungiyar Orange ta Furotesta suna adawa da haɗewar, domin suna tsoron rasa ikonsu, yayin da manyan limaman Katolika, ciki har da Akbishop Troy na Dablin, suka goyi baya saboda an nuna musu cewa 'yanci na tafe. Cikin shekara arba'in kowane ɓangare ya koma matsayin ɗayan.

Dokar tana da sassa takwas. Uku na farko sun kafa ƙasa ɗaya mai suna Haɗaɗɗiyar Daular Birtaniya da Ailan, da gadon sarauta ɗaya, da majalisa ɗaya. Sashe na takwas ya bar dokoki da kotunan Ailan yadda suke. Nama yana cikin huɗun tsakiya.

Sashe na huɗu ya ba Ailan kujeru 100 a majalisar wakilai mai kujeru 658: 64 na gundumomi 32, biyu-biyu na biranen Dablin da Cork, ɗai-ɗai na wasu garuruwa 31, da ɗaya na jami'ar Trinity. A majalisar masu sarauta an ba ta mutum 28 da 'yan uwansu za su zaɓa su zauna har mutuwa, da bishop huɗu na karɓa-karɓa. Ka auna da yawan jama'a. Ailan tana da kimanin mutum miliyan biyar, Birtaniya tana da miliyan goma da rabi. Wato mai kusan sulusin jama'a ya samu ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na kujeru. An kafa hujja da cewa ba kawuna kaɗai ake ƙirgawa ba, har da dukiya da haraji. Daga baya abin ya juye: da yunwa da ƙaura suka zaftare jama'ar Ailan zuwa ƙasa da miliyan huɗu da rabi a 1911, kujerunta, waɗanda a lokacin suka kai 103, sun fi abin da yawanta ya cancanta, kuma wannan ne ya ba 'yan majalisarta ƙarfin ɗaga gwamnati ko kayar da ita.

Sashe na biyar ya haɗa cocin Ingila da cocin Ailan su zama cocin gwamnati ɗaya, ya kuma ce wannan ginshiƙi ne na haɗewar har abada. To ƙidayar 1861 ta nuna mabiya wannan coci kimanin kashi 12 cikin ɗari ne kawai, Katolika kusan kashi 78, sauran yawanci 'yan Firesbiteriya na arewa. Manomi Katolika yana biyan ushirin amfanin gonarsa ga limamin cocin da bai taɓa shiga ba, sannan ya ciyar da nasa limamin daga abin da ya rage. Wannan ya haifar da rikicin ushiri na shekarun 1830, inda aka riƙa ƙwace shanu ana gwanjonsu, aka kuma rasa rayuka. A 1869 Firaminista Gladstone ya raba cocin da gwamnati, dokar ta fara aiki 1 ga Janairun 1871. Darasin da kowa ya ɗauka shi ne abin da aka rubuta “har abada” ma majalisa tana iya soke shi da rinjaye na yau da kullum.

A nan ne amsar tambayarka kan Sikotlan take. A haɗewar 1707 Sikotlan ta samu kujeru 45 kacal da masu sarauta 16, ƙasa da na Ailan. Amma cocin da aka tabbatar mata shi ne na mafi yawan mutanenta, ta riƙe dokokinta da kotunanta, an biya ta kusan fam 398,000 saboda ɗaukar wani kaso na bashin Ingila, kuma ba a ajiye mata wakilin sarki yana mulkinta daga fada ba. Mafi yawan manyan Sikotlan da talakawanta duk Furotesta ne. A Ailan mai fili da mai haya sun bambanta a addini, sau da yawa a harshe, kuma kowa ya san filin ƙwace shi aka yi daga kakannin mai hayar a zamanin da aka zaunar da baƙi Furotesta a Ulster, wato lardin arewacin tsibirin, daga 1609, da zamanin Cromwell na Ingila.

Sashe na shida na ciniki ne: 'yan ƙasashen biyu su zama daidai a kasuwanci, a bar harajin kashi goma cikin ɗari a kan wasu kaya na ɗan lokaci. An cire harajin a 1824, aka haɗa kuɗin ƙasashen a 1826. Masaƙun ulu da auduga na kudu ba su iya gogayya da injinan Lancashire ba, suka durƙushe. Belfast kuwa ta bunƙasa da saƙar lilin da ƙera jiragen ruwa, daga gari mai mutum kimanin 20,000 a 1800 zuwa birni mai kusan 350,000 a 1901. Saboda haka mutumin Belfast da mutumin gundumar Mayo ta yammacin tsibirin, idan ka tambaye su me haɗewa ta yi musu, amsa biyu za ka ji, kuma kowanne da hujjarsa.

Sashe na bakwai, na kuɗi, shi ne inda lissafi ya kuskure tun ran gini. An ce kowace ƙasa ta riƙe tsohon bashinta, amma kuɗin da ake kashewa tare a raba su 15 da 2, wato Ailan ta biya kashi biyu cikin sha bakwai, a sake dubawa bayan shekara ashirin. An yi wannan awo ne da zaton yaƙi da Faransa ya kusa ƙarewa. Yaƙin ya kai 1815. Harajin Ailan bai isa ya biya kasonta ba, sai ta koma rance, har bashinta ya ninka kusan sau huɗu cikin shekara sha shida. A 1817 aka haɗa baitulmalin ƙasashen biyu saboda ba wata mafita. Wani kwamitin bincike na gwamnati a 1896 ya gano Ailan tana biyan kusan kashi ɗaya cikin sha ɗaya na harajin daula alhali ƙarfinta bai wuce ɗaya cikin ashirin ba. Sai da aka fara biyan fanshon tsofaffi a 1909 ma'aunin ya juya, gwamnati ta koma kashe wa Ailan fiye da abin da take karɓa.

Abin da ba a rubuta a dokar ba ya fi abin da aka rubuta nauyi. Ba a sa 'yantar da Katolika a ciki ba, domin da an sa, majalisar Furotesta ba za ta amince ba. An bar shi a matsayin fahimtar juna. Da Pitt ya taso da maganar a farkon 1801, Sarki George na Uku ya ce rantsuwar da ya yi ranar naɗinsa ta kare cocin Ingila ta hana shi. Pitt ya ajiye aiki, Cornwallis da Castlereagh suka bi shi. Rabin shirin ya tsaya shekara ashirin da takwas.

Kuma yadda aka samo shi daga ƙarshe ya fi jinkirin illa. Lauya Daniel O'Connell ya kafa Ƙungiyar Katolika a 1823, ya sa kuɗin shiga kwabo ɗaya a wata domin talaka ma ya shiga, ana karɓa a ƙofar coci ranar Lahadi. A 1828 ya tsaya takara a gundumar Clare ya ci, duk da ba zai iya yin rantsuwar shiga majalisa ba. Firaminista Wellington da ministansa Peel suka ga idan an hana shi ƙasar za ta kama da wuta, sai suka yi dokar 1829. Amma a lokaci guda aka ɗaga sharaɗin jefa ƙuri'a a gundumomi daga sule arba'in zuwa fam goma, masu zaɓe suka ragu daga sama da 200,000 zuwa ƙasa da 40,000. Manoman da suka yi kasadar saɓa wa masu filayensu suka zaɓi O'Connell su ne aka cire. Abin da aka ba da shi cikin daɗin rai a 1801 da ya sayi zukata. Da aka ba da shi a 1829 bisa tilas, sai ya koya wa mutane cewa Landan ba ta jin roƙo, matsi take ji. Haka aka yi ta yi a kan ushiri, da coci, da filaye: ihu bayan hari.

Ɓangare na biyu da aka bari shi ne fadar Dablin. Wakilin sarki, da babban sakatare wanda yawanci ɗan siyasar Ingila ne mai neman matakin hawa, da ƙaramin sakatare, su ke tafiyar da ƙasar. Ba a naɗa Katolika wakilin sarki ba sai a 1921. 'Yan sandan Ailan, waɗanda aka tsara a 1836, suna ɗauke da bindiga, suna kwana a bariki, suna karɓar umarni daga fada, saɓanin na Ingila da ke ƙarƙashin hukumomin gari ba tare da makami ba. Wannan tsari ne aka kwaikwaya a ƙasashen mulkin mallaka, har ma daga 1907 ana tura hafsoshin 'yan sandan mulkin mallaka horo a barikinsu na Dablin. Dokokin ta-ɓaci da ke ba da damar tsare mutum ba shari'a kuwa an yi ta sabunta su a Ailan kusan duk tsawon ƙarnin. A takarda Ailan ɓangaren daula ce kamar Yorkshire ta Ingila, a aikace ana riƙe ta kamar ƙasar da aka ci da yaƙi.

Babbar jarrabawa ita ce yunwar 1845 zuwa 1852. Ƙidayar 1841 ta ba da mutum 8,175,000, kuma kimanin miliyan uku daga cikinsu dankalin turawa ne kusan duk abincinsu. Cutar ruɓewa ta lalata wani kaso a 1845, ta cinye kusan duka a 1846. Peel, wanda shi ne firaminista a lokacin, ya sayo masarar Amurka ta fam 100,000 a asirce. Gwamnatin Russell da ta gaje shi, tare da Charles Trevelyan a baitulmali, ta ƙi shiga kasuwar hatsi, ta buɗe aikin hanya inda sama da mutum 700,000 suke fasa dutse a Maris ɗin 1847 a kan ladan da bai isa sayen abinci ba. Da aka koma dafa fate ana rabawa, an ciyar da mutum miliyan uku a rana a Yulin 1847, abin da ya nuna gwamnati tana iyawa idan ta so. Amma kafin ƙarshen shekarar aka rufe, aka ce daga yanzu harajin gajiyayyu da ake karɓa a cikin Ailan shi zai ɗauki nauyi. Gidajen gajiyayyu 130 ne, an gina su don mutum kimanin 100,000. Aka ƙara da sharaɗin Gregory: wanda ke riƙe da fiye da rubu'in eka ba zai samu agaji ba sai ya saki gonarsa. Masu filaye, da yake su ke biyan harajin ƙananan gonaki, suka ga korar 'yan haya ta fi musu sauƙi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura.

Nan ne hujjar haɗewa ta karye. Idan ƙasa ɗaya ce, yunwar Mayo nauyin baitulmalin daula ne gaba ɗaya. Gwamnati ta kashe kimanin fam miliyan takwas, kusan rabi a matsayin rance, alhali majalisar nan ce ta ware fam miliyan ashirin a 1833 don biyan masu bayi diyya. Waɗanda suka tsira zuwa Amurka sun tafi da wannan lissafi a ransu, kuma kuɗinsu ne ya riƙa ciyar da ƙungiyar Fenian mai neman 'yancin Ailan da makami, da gwagwarmayar filaye daga baya.

Kada a ɗauka ba a samu komai ba. An kafa makarantun firamare na gwamnati a 1831, kafin Ingila ta samu irinsu, ko da yake da Turanci ake koyarwa, abin da ya taimaka wajen dusashe harshen Ailan. 'Yan Ailan sun cika rundunar sojan Birtaniya da ofisoshin daular a Indiya da sauran wurare. Dokokin filaye na 1881 da 1885 da musamman ta Wyndham ta 1903 sun ba manoma rancen gwamnati suka sayi gonakin da suke haya, har zuwa yaƙin duniya na farko mafi yawansu sun zama masu gonakin kansu. Amma duk wannan bai kashe neman majalisa a Dablin ba.

O'Connell ya nemi a soke haɗewar. A 1834 majalisa ta ƙi da 523 a kan 38, a 1843 aka hana babban taronsa na Clontarf. Charles Stewart Parnell ya rage buƙatar zuwa mulkin cikin gida a ƙarƙashin sarki ɗaya, ya ci kujeru 86 a 1885. Ƙudurin Gladstone na farko ya faɗi a majalisar wakilai a 1886 da tazarar ƙuri'a talatin, jam'iyyarsa ta tsage. Na biyu ya wuce wakilai a 1893, masu sarauta suka kashe shi da 419 a kan 41. Sai da dokar 1911 ta rage ikonsu zuwa jinkirtawa na shekara biyu kawai hanya ta buɗe. A lokacin Furotestan Ulster, ƙarƙashin Edward Carson da James Craig, sun shirya: a Satumbar 1912 maza da mata kimanin 470,000 suka sa hannu kan alkawarin ƙin amincewa, a Afrilun 1914 aka shigo da bindigogi kusan 25,000 ta Larne da tashoshin kusa. Dokar mulkin cikin gida ta samu hannun sarki a Satumbar 1914, aka jingine ta saboda yaƙi.

Sauran ya zo da sauri. Tawayen Ista na Afrilun 1916, da harbe shugabanninsa goma sha biyar, da yunƙurin tilasta shiga soja a 1918, suka juya ra'ayin jama'a. A zaɓen Disambar 1918 jam'iyyar Sinn Féin mai neman cikakken 'yanci ta ci 73 cikin kujeru 105, ta ƙi zuwa Landan, ta buɗe majalisarta a Dablin ranar 21 ga Janairun 1919. Dokar 1920 ta raba tsibirin, gundumomi shida a arewa, 26 a kudu. Bayan yaƙin sari-ka-noƙe aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 6 ga Disambar 1921, majalisar Dablin ta amince da 64 a kan 57, 'Yantacciyar Ƙasar Ailan ta tsaya ranar 6 ga Disambar 1922, washegari arewa ta zaɓi zama da Birtaniya. A 1949 kudu ta zama jamhuriya, amma dokar Birtaniya ta wannan shekara ta ce ba za a ɗauki Ailan a matsayin ƙasar waje ba, shi ya sa har yau ɗan Ailan yana zama ya yi aiki ya jefa ƙuri'a a Birtaniya.

Gyara ɗaya ga tambayarka: haɗewar ba ta watse duka ba, tana nan a gundumomi shida. Yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilun 1998, wadda kashi 71 cikin ɗari a arewa da kashi 94 a kudu suka amince da ita, ta ɗora zamanta a kan yardar masu rinjaye a arewa. Sakataren Birtaniya mai kula da yankin wajibi ne ya kira ƙuri'ar raba gardama idan ya ga alamar rinjaye zai zaɓi haɗewa da kudu, kuma ba a maimaita ta sai bayan shekara bakwai. Dokar 1800 kanta tana aiki a can. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, da aka sa binciken kaya tsakanin Birtaniya da Ailan ta Arewa, 'yan siyasa masu goyon bayan haɗewa sun kai ƙara suna cewa an keta sashe na shida, na daidaito a ciniki. A Fabrairun 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa dokar ficewar ta gyara aikin wannan sashe muddin sabon tsarin yana aiki, kuma majalisa tana da ikon yin hakan.